Aron Mahaifa: Ɗa Ɗaya, Uwa Nawa?

A gidan suna ba a tambayar wace ce maijego. Kowa na ganinta. Ita ce ta yi mako guda tana shan kunun kanwa, ita ake yi wa wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, ita ce ruwan nono ke jiƙa wa gaban riga. Wadda ta ɗauki ciki ita ta haifa, wadda ta haifa ita ce uwa, kuma jaririn jininta ne da na mijinta. Tun fil azal abubuwan nan a ƙulle suke wuri guda, shi ya sa kalma ɗaya ta ishe su. Likitancin zamani ne ya zo ya kwance ƙullin. Yau akwai jaririn da ƙwan halittarsa na wata mace ne, cikin da ya kwanta wata tara na wata ce daban, wani lokaci ma wadda za ta goya shi ta uku ce.

Wasu na kiran abin hayar mahaifa, wasu aron mahaifa, kuma sunan da mutum ya zaɓa kan nuna inda hankalinsa ya karkata. Mai cewa haya kuɗin ya hango, mai cewa aro taimakon ya gani. Ko wanne aka kira shi, aikin asibitin ya zauna da gindinsa tuntuni, an san matakansa ɗaya bayan ɗaya. Inda ake ta kai ruwa rana shi ne wace ce uwa, wa ke ɗaukar kasada, wa kuma zai tsaya wa jariri idan manya suka saɓa.

Iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne

A tsohuwar hanya, ana zuba maniyyin mijin da ke neman ɗa a mahaifar wata mace, ƙwanta ya haɗu da shi. Ɗan da za a haifa nata ne ta kowace fuska, ta jini da ta naƙuda, sai dai ta yi alkawarin miƙa shi. Wannan ce ta jawo shari'ar da ta girgiza Amurka, wadda aka sani da shari'ar Baby M. A 1986 wata mata a jihar New Jersey ta haifi ɗiya bisa yarjejeniyar dala 10,000, amma da ta rungume ta sai ta ce ba za ta iya rabuwa da ita ba. A 1988 kotun ƙolin jihar ta soke yarjejeniyar, ta ce ta yi kama da cinikin ɗan mutum, ta tabbatar wa matar matsayin uwa, amma ta bar riƙon yarinyar a hannun uban.

Hanya ta biyu, wadda ta mamaye ko'ina a yau, ta samu ne bayan haihuwar Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwai da maniyyinta a wajen jikin mace, aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards. Tunda ana iya haɗa ɗan tayi a ɗakin gwaji, sai aka ga ba dole ba ne a mayar da shi cikin matar da aka ciro ƙwan daga jikinta. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara dasa shi a mahaifar wata, aka kuma yi nasara. A nan mai ɗaukar cikin ba ta da ko ɗigo a ƙwayoyin halittar yaron. Baƙar mace na iya haifar jariri Bature fari fat, gwajin jini kuma zai nuna ba su haɗa komai ba. Wannan ita ce hanyar da muke magana a kanta.

Masu nema da wadda ake nema

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Mafi yawansu ba ruwansu da aron mahaifa, magani ko dashen ƙwai a jikinsu ya wadatar. Masu zuwa wannan ƙofa su ne waɗanda ƙwansu na nan lafiya, wurin kwanciyar ɗan ne babu. Akwai yarinyar da aka haifa ba mahaifa ɗungum, ba a ganewa sai ta kai shekarun balaga jinin al'ada bai zo ba. Irin wannan na samun mace 1 cikin kusan 5,000. Akwai wadda aka cire wa mahaifa don ceton ranta bayan zubar jini wajen haihuwa, ko saboda ciwon daji ko ƙari. Akwai wadda cikin mahaifarta ya manne bayan wankin ciki, da wadda ta yi ɓari har ta daina ƙirgawa, da mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ce mata ciki na iya zama ajalinta. A wasu ƙasashen Yamma, maza marasa mata da maza masu zaman aure da juna ma suna cikin masu nema, kuma su sai sun haɗa da ƙwan wata macen daban.

Ita kuwa mai ɗaukar ciki, inda ake bin ƙa'ida ba kowa ake karɓa ba. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ba da shawarar ta kasance tsakanin shekara 21 da 45, ta taɓa haihuwa lafiya aƙalla sau ɗaya, kada haihuwarta ta wuce 5, kada a taɓa yi mata tiyatar haihuwa fiye da sau 3. Sharaɗin haihuwar fari yana da hikima biyu: ya nuna mahaifarta na riƙe ciki, ya kuma nuna ta san abin da take sa hannu a kai, don wadda ba ta taɓa jin motsin ɗa a cikinta ba ba za ta iya yin alkawarin rabuwa da shi da sani ba. Ana gwada jininta da na mijinta don cutar ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, a duba mahaifar, sannan masanin halayyar ɗan Adam ya zauna da ita ya ji ko son ranta ne ko turo ta aka yi.

Kafin allura ta farko sai an rubuta yarjejeniya, kowane ɓangare da lauyansa. A cikinta ake fayyace abubuwan da ba a son ambata: ɗan tayi nawa za a dasa, me za a yi idan hoto ya nuna jaririn na da naƙasa, wa ke da ta cewa idan cikin ya zama barazana ga ranta, wa zai karɓi yaron idan ma'auratan suka rabu ko suka mutu kafin haihuwa. Tun ran gini ran zane.

Daga allura zuwa naƙuda

Aikin na tafiya a jiki biyu. Matar da ke neman ɗa za ta yi kwana 10 zuwa 12 tana yi wa kanta allura a fatar ciki, don ƙwan da jiki ya saba nunarwa guda ɗaya a wata ya zama da yawa a lokaci guda. Ana bibiyarta da hoton ciki, idan suka kai girma a yi mata allurar ƙarshe, bayan kimanin awa 36 a sa ta barci, a zura siririyar allura a zuƙo su. A ranar mijin zai ba da maniyyi. A ɗakin gwaji ko dai a bar su su haɗu da kansu a ɗan faranti, ko a ɗauki ƙwayar maniyyi guda a cusa cikin ƙwai.

Daga nan sai jira. Ba duk ƙwai ke kamawa ba, ba duk wanda ya kama ke ci gaba ba. Kullum da safe ana leƙa su ta madubin likita: ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, zuwa kwana na 5 ta zama ɗan ƙulli mai ƙwayoyi sama da ɗari, wanda bai kai kan allura girma ba. Waɗanda suka kai nan ana iya daskarar da su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, su yi shekaru a haka.

Ita mai ɗaukar cikin, ana ba ta maganin da zai kaurara shimfiɗar mahaifarta na kimanin mako biyu, sannan a ƙara da wani sinadarin da ke riƙe ciki. Ranar dashe kuwa, duk wanda ya zo da tsammanin ganin babban aiki zai sha mamaki. Ba wuƙa, ba barci. Ta kwanta kamar mai awon ciki, an ce ta sha ruwa ta riƙe fitsari don hoto ya fito sosai. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya shigo da wani siririn bututu mai laushi, ya karanta sunan masu ɗan tayin a fili don kada a yi kuskure. Likita ya zura bututun ta bakin mahaifa, wani ɗan farin ɗigo ya bayyana a allon na'ura, shi ke nan. Minti kaɗan ne. Matar da aka ciro ƙwanta sau da yawa tana tsaye a gefe tana kallon allon, ɗanta na shiga cikin wata.

Bayan kwana 10 zuwa mako biyu gwajin jini zai nuna ko ya kama. Ba kullum yake kamawa a karon farko ba, kuma abin da ya fi tasiri a nan shekarun mai ƙwai ne: ƙwan 'yar shekara 28 ya fi na 'yar 41 damar zama ɗa nesa ba kusa ba, ko a mahaifar wa aka sa shi. Idan ya kama, za ta ci gaba da magani har mako na 10 ko 12, lokacin da mabiyiya ta karɓi aikin. Daga nan ciki ne kamar kowane ciki, da laulayinsa da kwaɗayinsa da kumburin ƙafa.

Jiki magayi

Hausawa na cewa mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira, kuma yarjejeniya ba ta canza wannan ba. Wani bincike da aka wallafa a 2024 kan haihuwa sama da 860,000 a lardin Ontario na Kanada ya gano cewa mummunar matsala, irin su zubar jini mai yawa da hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, ta sami kashi 2.3 cikin ɗari na matan da suka ɗauki ciki ba taimakon asibiti, kashi 4.3 na waɗanda aka dasa wa nasu ƙwan, amma kashi 7.8 na masu ɗaukar wa wasu. Ɗaya daga cikin dalilan da ake zato shi ne jikin mace na mu'amala da ɗan da ba su haɗa jini ba a matsayin baƙo. Haɗarin na ƙaruwa idan aka dasa biyu don a sami tagwaye da kuɗin ɗaya, abin da wasu masu nema ke so, mai ciki kuma ke biya da jikinta. Shi ya sa likitocin kirki ke dasa ɗaya.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Nono ba ya karanta yarjejeniya; kwana uku bayan haihuwa zai cika, sai ta ɗaure ƙirji ko ta sha maganin tsayar da shi. Za ta koma gida da ɗinki ba goyo, 'ya'yanta su tambaye ta ina ƙanen nasu. Binciken da aka yi a Birtaniya ya nuna yawancin matan da suka yi don raɗin kansu ba su yi nadama ba, wasu ma zumunci ya ɗore tsakaninsu da iyalin. Amma waɗannan mata ne masu ilimi da asibiti da doka a bayansu.

Ta fuskar kuɗi, duniya ta rabu. Birtaniya da Kanada da Afirka ta Kudu sun yarda a biya ta abin da ta kashe kawai, ba lada. Wasu jihohin Amurka sun yarda a biya lada, kuma a can jimillar kuɗin asibiti da lauya da inshora da dillalai kan haura dala 100,000. Wannan tsada ce ta kora masu nema zuwa ƙasashen talakawa.

Uwa a idon kotu

A 1993 kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci tsakanin wata mai ɗaukar ciki da ma'auratan da suka ba da ƙwai da maniyyi. Kotun ta ce dukkan matan biyu na da hujja, ɗaya ta jini, ɗaya ta haihuwa, don haka niyya ce za ta raba gardama: wadda ta ƙudurci samar da yaron don ta rene shi ita ce uwa. A can tun kafin haihuwa ake karɓo umarnin kotu, sunan masu nema ya hau takardar haihuwa kai tsaye.

Birtaniya ta bi akasin haka. Wadda ta haifa ita ce uwa a doka, ko da ba ta haɗa jini da yaron ba, kuma ba kotun da za ta tilasta mata cika yarjejeniya. Amincewarta ba ta da ƙarfi sai bayan mako 6 da haihuwa, sannan kotu ta mayar da iyayentakar ga masu nema. Afirka ta Kudu, a dokarta ta yara ta 2005, ta ce sai babbar kotu ta amince da yarjejeniyar kafin a yi dashe, kuma dole ɗaya daga cikin masu nema ya zama yana da jini a yaron. Faransa da Jamus sun haramta, Italiya kuma a 2024 ta mai da shi laifi ko da ɗan ƙasarta ya je waje ya yi. A farkon shekarar ta 2024, Paparoma Francis ya yi kira da a hana shi a duniya baki ɗaya.

Idan dokokin nan suka ci karo, jariri ke faɗawa tsakani. A 2008 wasu ma'aurata 'yan Japan suka rabu kafin a haifa musu ɗiya a Indiya. Matar ta ce ba ta so, dokar ƙasashen biyu ta rasa uwar da za ta rubuta, jaririyar ta yi watanni ba fasfo ba ƙasa. A ƙarshen 2013 wata 'yar Tailan ta haifa wa wasu 'yan Ostireliya tagwaye, suka tafi da macen, namijin mai lalurar galahanga ya zauna a hannunta. Tailan ta rufe ƙofa ga baƙi a 2015, Indiya ma haka, wadda garinta na Anand a jihar Gujarat ya yi suna da gidajen kwanan masu ciki. A 2021 Indiya ta yi dokar da ta hana biyan lada gaba ɗaya. Amma kasuwar ba ta mutu ba, ƙaura take yi: Nepal, Kambodiya, sannan Yukren, inda kullen korona na 2020 ya bar jarirai da dama jere a wani otal a Kiev, yaƙin 2022 kuma ya tura wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa tare da masu reno. Duk inda ta sauka, wuri ne mai talauci da raunin doka.

Abin da malamai suka ce

Tun 1980 Muftin Masar Shaihu Jadul Haƙ ya halatta haɗa ƙwai da maniyyi a waje, da sharaɗin na mata da miji ne, aurensu na nan, kuma a mayar cikin matar. Aron mahaifa kuwa ya ba malamai aiki. A 1984 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yi rangwame a sura guda wadda za ta ja hankalin Bahaushe: a dasa ƙwan uwargida a mahaifar kishiyarta, tunda miji ɗaya ne. Shekara guda bayan nan, a 1985, majalisar ta janye. Hujjarta ita ce kishiyar na iya ɗaukar nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a haifi tagwaye ko ɗaya ya zube, a rasa na wace ce ya rayu. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman, ta haramta shi ta kowace sura. Wannan ne matsayin jumhurun malaman Sunna har yau. A Iran kuwa malaman Shi'a da dama sun halatta, kuma asibitoci na yi a fili.

Damuwar malamai nasaba ce, don a kanta gado da muharramaka suka rataya. Idan abin ya riga ya faru, wasu na kafa hujja da aya ta 2 ta Suratul Mujadala, wadda ta danganta uwantaka ga haihuwa, su ce mai naƙuda ce uwa. Wasu suka ce mai ƙwai ce uwa, mai ciki kuma hukuncinta kamar na uwar shayarwa: idan a mazhabar Malikiyya ɗan tsotso kaɗan na haramta aure, ina ga wadda yaro ya ci ya sha daga jininta wata tara? Ko wace fahimta aka ɗauka, babu wadda ta yarda a shafe mai ɗaukar ciki kamar ba a yi ta ba.

Mu nan gida

Dashen ƙwai ba baƙo ba ne a Najeriya. Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara aikin a Legas tun shekarun 1980, Dakta Ibrahim Wada kuma ya yi nasararsa a Abuja a 1998. Yau asibitoci masu zaman kansu a biranen biyu na yin aron mahaifa, dillalai na tallata neman mata a intanet, kuma jarumar fim Ini Edo ta bayyana a 2021 cewa ta wannan hanya ta sami ɗiyarta. Abin da babu shi ne dokar tarayya da aka yi musamman domin wannan. Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojinta a 2019, an kuma sha kai ƙuduri Majalisar Tarayya, alhali Gana tun 2020 ta tanadi hanyar zuwa kotu a dokarta ta rajistar haihuwa. A irin wannan giɓi, yarinyar da talauci ya koro ba ta da lauya ba ta da inshora, kuma iyaka tsakanin asibitin gaskiya da gidajen sayar da jarirai da hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ke kai wa samame sai ta yi siriri. Mutanen Nijar ba su manta badaƙalar jariran da aka shigo da su daga Najeriya ba, wadda ta tayar da ƙura a Yamai a 2014.

Tushen abin kuwa mun san shi: gorin da ake yi wa matar da ba ta haihu ba, a kira ta juya, dangin miji su fara zancen ƙarin aure tun kafin a gwada shi mijin. Kakanninmu sun yi wa wannan ciwo magani da riƙo. Ƙanwa ta yaye ɗa ta miƙa wa yayarta, ya tashi yana kiranta Inna, ita za ta yi masa aure, amma duk gari ya san wadda ta haife shi, shi ma ya sani, kuma gadonsa na gidan ubansa. Riƙo bai taɓa buƙatar a ɓoye kowa ba. Aron mahaifa kamar yadda ake yinsa a ɓoye kan fara ne da matar gida ta yi tafiyar wata tara, ta dawo da jariri, wata kuma can ta koma ɗakinta tana matse nono a kwano.

Wanda addininsa ya hana shi ya riga ya sami amsa. Amma ƙasa ta kowa ce, kuma ana yin abin ko an so ko an ƙi. Mafi ƙarancin abin da doka za ta tanada shi ne alƙali ya ga yarjejeniya kafin likita ya ɗauki bututu, mai ciki ta sami lauyanta da inshorarta da ikon yanke hukunci kan jikinta, a haramta guje wa jariri don naƙasa, a kuma adana sunan matar a rajista. Yaron zai girma, wata rana zai so yin aure, kuma yana da haƙƙin sanin 'ya'yan wace mata ne suka kwanta ciki ɗaya da shi.